Ruwan da nake fesa wa akwati

Litinin, 7 ga Afrilu

Manaja ya manna sabuwar takarda a allon ofis: jerin manyan biranen duniya, daga mai iska mai tsabta zuwa mai shaƙe mutane. Bara muna na tamanin da ɗaya, bana na sittin da huɗu. Ya dafa kafaɗata a gaban kowa, wai tankata ce ta yi rabin aikin. Ni dai direba ne. Aikina in cika tanka da ruwa da sassafe, in zagaya akwatin auna iska da ke bakin shataletale ina fesawa, hayaƙi da ƙura su kwanta. Zagaye shida kullum, shekara guda ke nan. Na ji daɗin yabon, ba zan yi ƙarya ba.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na tsaya karanta takardar har shayina ya huce. Injiniya, matar da ke kula da akwatin, ta same ni a wurin. Ta taɓa zuwa taro a birni na uku a jerin. Ta ce can a keke ake zuwa aiki, har alƙalai, kuma in ka shanya farar riga da safe, fara za ka kwashe ta da yamma. A wani birnin motoci ne ke raba kwana, masu lambar mara yau, masu cika gobe. Wani kuma ya tone babban titinsa ya mai da shi rafi. Rafi fa, a tsakiyar gari.

Duk zagayen yau a birni na uku na yi shi. Hannuna a kan sitiyari, amma ni ina kan keke, mutuniyata, uwar yarana, a baya ta riƙe min riga, tana min tsiya wai ban iya shan kwana ba. Mun yi nisa, mun wuce wata gada, ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Sai da mai tasi ya danna min hon na dawo.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Tari sau biyu kawai mutuniyata ta yi yau. Na ƙirga.

Asabar, 12 ga Afrilu

Saboda asmarta likita ya sa mata wani abu a waya mai nuna tsabtar iska, lamba ce da launi. In kore ne ta fita ta taka ƙafa da safe, wai huhu na son motsi. In ja ne ta rufe tagogi ta zauna. Ta nuna min tana murna kamar an yi mata kyauta.

"Baban yara, sati biyu ke nan kore. Ashe garin namu ya fara hankali."

Na ce ai mu ne masu gyaran. Ta ce to sannu da aiki, mai gyaran gari, a fara da ƙofar banɗaki.

Da rana na kishingiɗa a falo, na mai da layinmu rafi. Na kwashe tashar manyan motoci daga bakin layin, na dasa bishiyoyi, na ajiye benci inda mai faci ke zama. A kaina abin bai ɗauki minti biyar ba.

Talata, 15 ga Afrilu

Asibiti.

Ta fita takawa, ta kai daidai tashar manyan motoci, numfashi ya ɗauke. Mai faci ne da matar maƙwabcinmu suka kawo ta. Abin shaƙarta yana gida a kan firji, ba ta ɗauka ba. Na same ta da robar iska a fuska, idanunta sun yi ja. Da ta samu magana, abin da ta fara ce min shi ne, "Kore fa ya nuna. Sau biyu na duba."

Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Laraba, 16 ga Afrilu

Na tambayi Injiniya daga ina lambar iskar da ke wayar mutuniyata take fitowa.

"Daga akwatinmu. Shi kaɗai ne a wannan ɓangaren."

Ta ce ruwan nan iskar da ke taku ashirin kewaye da akwatin kawai yake wankewa, shi kuma akwatin ya ɗauka duk gari haka yake. Sau uku tana rubuta wa manaja.

Shekara guda ina cewa gari nake wankewa. Ko dai na sani? Ban taɓa tambaya me ya sa ba a tura ni wani titi ba. Ko sau ɗaya.

Juma'a, 18 ga Afrilu

An sallami mutuniyata daga asibiti. Ban faɗa mata ba. Na buɗe baki, sai na tambaye ta ko in ƙara mata matashi.

Na roƙi manaja a bar ni in riƙa fesa wasu titunan. Ya ce baƙi za su zo ƙarshen wata ganin yadda muka hau jerin, don haka zagaye bakwai ma zan koma. Ya ƙara da cewa masu neman aikin tuƙi suna da yawa.

A hanya na nemi birni na uku, ya ƙi zuwa. Keken na nan, gadar na nan, amma na juya bayana ba kowa.

Litinin, 21 ga Afrilu

Famfon tanka ya ƙi buɗewa. Haka na rubuta a takardar aiki. Na yi zagayena bakwai a bushe, da ruwan cike a bayana yana kaɗawa. Injiniya tana tsaye a bakin akwatin tana kallona.

Wajen ƙarfe goma mutuniyata ta kira tana mita. "Yau ja ne wur. Na rufe tagogi, ga ni zaune kamar 'yar kurkuku. Garin naku ya koma halinsa." Muryarta tas, ba wannan ƙarar a ƙirji. Na ce ta yi haƙuri ta zauna, ta bi abin da wayar ta ce.

Manaja na nemana gobe ƙarfe takwas, kuma makaniki zai duba famfon. Ba abin da zai gani. Ban san me zan ce musu ba tukuna. Gobe ma dai ba na jin zai buɗe.