Kujerar da Aka Cire a Maiyama

Zuwa ga yayana, Manu direba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san takarda ba ta isa inda kake, kuma ko da kana raye ba boko kake karantawa ba, sai dai a karanta maka. To yau ma hakan za a yi. Wasu ne za su karanta, amma da kai nake.

Ranar Juma'ar da ta wuce an yi suna a unguwarmu, Firchin, nan cikin Jega. Bayan an shafa fatiha, liman ya juya yana yi wa jama'a nasiha a kan haƙƙin iyaye, sai ya nuno ni, ya ce a yi koyi da abin da na yi wa mahaifiyata da motata. Kowa ya waiwayo. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka kunya ce irin ta mutumin kirki. Fiye da shekara talatin ke nan ana wannan yabon ina sunkuyar da kai, kuma na gaji. Zan faɗi yadda aka yi, ko da ɗan mutuncin da ya rage mini a garin nan zai tafi.

Ka tuna lokacin da aka yanke mana jiha daga Sakkwato. Aka kwaso mu ma'aikata zuwa Birnin Kebbi, ofisoshi babu ko tebur, muƙamai kuwa ga su nan ba masu su. Ni da na yi karatu har ƙetare, na ce lokacina ya zo. Ban daɗe ba na gane cewa a sabon wurin nan ba takardun mutum ake fara dubawa ba, abin da ya ajiye a ƙofar sakatariya ake dubawa. Sai na sayar da rabona na fadamar da Baba ya bari, na haɗa da abin da na tara, na ce sai sabuwar mota dal, wadda ba wanda ya taɓa zama a cikinta. Ba babba ba, ƙarfina bai kai can ba. Ƙarama, amma irin ta manya, ƙirar Jamus.

Ka ajiye babbar motarka a tashar Jega, ka bar lodin albasa na kwana uku, ka ce ba za a bar ɗan boko ya je Kaduna shi kaɗai a sayar masa da fenti ba.

A lokacin Inna ta shekara biyu ba ta leƙa ƙofar gida ba. Tun da saniya ta ture ta a bakin rijiya cinyarta ta karye, kai ka ɗauke ta zuwa Aliero wurin masu ɗori. Ƙashi ya haɗu, amma gwiwa ta sandare, ƙafar dama ta miƙe kamar taɓarya. Kai kake ɗauko ta daga ɗaki zuwa inuwa duk ranar da kake gari. Ni kuwa ƙarshen wata nake zuwa da sabulu da goro, in gaishe ta daga bakin ƙofa, in tambayi jiki, a ce da sauƙi.

Kuma ka san al'adar unguwarmu. Duk wanda ya yi sabon abin hawa, ko keke ne, ba ya yawo da shi a gari sai uwarsa ta fara zama ta sa albarka. Ranar da aka fara damƙa maka babbar mota, sai da aka ɗora Inna a gidan gaba kafin ka ɗauki lodi. Ina nan a ranar, har tafi na yi. Amma wallahi duk watannin da na yi ina lissafin mota, wannan bai faɗo mini a rai ba ko sau ɗaya.

A Kaduna motoci biyu ne suka dace da ƙarfina. Ɗaya ruwan toka ce, mai ɗan tudu daga ƙasa, kujerunta da laushi, ƙofofinta suna buɗewa sosai, idan ka rufe su ka ji wani sauti mai nauyi kamar na akwatin ƙarfe. Ka buɗe injinta, ka saurara, ka leƙa ƙarƙashinta, ka ce makanikan Jega za su iya da ita, kuma ba za ta ji tsoron hanyar ƙauye ba. Ɗayar shuɗiya ce mai duhu, ta fi kwanciya a ƙasa, ta fi sauri, sitiyarinta kamar yana jin tunanin mutum. Na riga na haddace takardunta tun a gida. Na san ƙarfin injinta, na san gudun da take yi. Abin da ban faɗa maka ba shi ne, irin mai ruwan tokar nan akwai guda uku a sakatariya, ɗaya ma ta wanda muke neman kujera ɗaya da shi ce. Shuɗiyar kuwa ba mai ita.

Ina cikin yi wa mai sayar da motocin Turanci, sai na ga ka zaro karan dawa daga cikin jakarka. Tun a hanya na gan shi, ban tambaya ba. Ka zauna a ƙasa a kan simintin nan mai sheƙi, ka kwance rawaninka, ka ɗaure karan a ƙafarka ta dama tun daga ƙugu har diddige. Ashe tun a gida ka auna ƙafar Inna da shi, ka yanke daidai. Ka miƙe kana jan ƙafa, ƙaton mutum kamarka, ma'aikatan wurin suna leƙe suna danne dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ka fara da mai ruwan toka. Ka tura kujerar gaba iyakarta, ka zauna a baya, ka jawo ƙafar a hankali, ta shige ta kwanta a karkace. Ka rufe ƙofa, ka gyaɗa kai. Sannan ka je wurin shuɗiya. Ka gwada ta baya, ƙafa ta tokare. Ka gwada ta gaba, ta tokare. Ka koma baya ka ɗan matsa, sai muka ji ƙas, kara ya karye. Ka ɗago kai ka dube ni, ka ce, "Auta, ƙahwar Inna ta." Iyakar abin da ka ce ke nan.

Na ji maganar, Yaya. Ba zan ce ban gane ba. Na ce maka Inna ba yawo take yi ba, ranar sa albarka ta dafa motar daga waje ya isa, ba a sayen mota domin yini ɗaya. Na kawo hujjoji masu kyau, domin abin da makaranta ta koya mini ke nan. Ka kwance rawaninka, ka kaɗe shi, ka naɗa, ka tsince guntayen karan don kada ka bar wa mutane shara. Na sayi shuɗiya.

Washegari da asuba muka kamo hanya. Kai ka tuƙa, ka ce sabon inji ba ya son ƙafar mai ɗoki. Muka wuce Kontagora, muka wuce Yawuri da Koko, ba ka yi mini fushi ba, har yaba motar ka yi, ka ce tana riƙe hanya. Da muka iso Maiyama ana kiran la'asar, ka tsaya a garejin wani abokinka, ka ce in je in yi salla in ci abinci, za ka duba ruwa da mai.

Da na dawo, na tarar da kujerar fasinja ta gaba a ƙasa. Kujerar fata, da ledarta ba a ko cire ba, an jingine ta da tsohuwar taya, kai kuma kana goge sifana da tsumma. Ban manta abin da na faɗa maka ba a gaban abokinka. Na kira ka jahili. Na ce da kuɗinka ne da ba ka yi haka ba. Ka bari sai da na gama, sannan ka ce, "Noti huɗu na. In Inna ta sabka ka maida abinka." Ka ce wa abokin naka ya ajiye kujerar, za ka ɗauko ta da babbar mota. Daga Maiyama zuwa Jega a baya na zauna, ina kallon ramin da ka yi mini a mota.

Labari ya riga mu isowa. Ƙofar gida cike da mutane, mahauta sun baro teburansu, abokanka na tasha sun zo, mata suna leƙe ta kan katanga. A nan ne na ga ba wanda ya zo ganin an dafa mota daga waje. Jira suke a fito da Inna.

Ka shiga ka ɗauko ta a hannunka, ta yafa sabon mayafi, ashe tun safe ta shirya. Ka zaunar da ita a baya, ka tallafi ƙafar, ta miƙe sambal inda kujerar take a da, ko gogar ƙofa ba ta yi ba. Inna ta duba, ta tambayi ina kujerar wurin. Kafin in buɗe baki, ka ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji, ka ce, "Auta na yac ce a hidda ta tun Maiyama, don ƙahwarki."

Mata suka rangaɗa guɗa. Inna ta kira ni, na durƙusa a bakin ƙofar motar, ta dafa kaina da hannunta mai sanyi, ta ce Allah ya buɗa mini wuri yadda na buɗa mata. Ta maimaita sau uku. Kana tsaye a gefe, baƙin mai a ƙarƙashin farcenka, kana cewa amin da ƙarfi. Da na ce a'a a lokacin, da magana ta ƙare a nan. Ban ce ba.

Ka kawo kujerar bayan kwana biyu kamar yadda ka yi alkawari. Amma ta yaya zan mayar? Duk Jega ta ji labari. Sai na sa ta a ɗaki, na riƙa zuwa sakatariya da mota mai kujera ɗaya a gaba. Abokan aiki suka yi ta yi mini ba'a, wai na sayi mota ban gama biya ba shi ya sa aka riƙe kujera. Muƙamin da na sayi motar dominsa, ba ni aka ba ba, ba kuma abokin takarata mai mota ruwan toka ba. Wani aka kawo wanda ko wasiƙa ba ya iya rubutawa daidai, surukin wani ne. Haka na yi ta gani har aka sallame ni kafin lokacina, da takardar godiya wadda aka yi kuskure a sunana. Waɗanda a da suke zagaya shuɗiyar suna shafa ta, yau idan mun haɗu a kasuwa sai su duba wani gefen. Ba zan ɓata maka lokaci da su ba.

Ga abin da ya fito daga ramin nan da ka yi. Tun da aka samu wurin ƙafarta a motar, Inna ta ce a kai ta. Na kai ta Aliero ta yi wa maɗorinta godiya, ta kai masa man shanu. Na kai ta Dangamaji inda aka haife ta, ta zauna a gindin tsamiyar gidansu da ƙanwarta suna dariya kamar 'yan mata. Na kai ta biki, na kai ta ta'aziyya. Kusan kowace Asabar muna hanya, ita a baya, tafin ƙafarta da lalle yana nan kusa da sandar giyar motar, ina kiyaye shi duk lokacin da zan canja. Tana nuna mini gonaki tana faɗin masu su, da wanda ya auri wa, da abin da Baba ya ce mata ranar da aka kawo ta Jega. Na yi shekara arba'in ina ɗanta, amma a cikin motar nan na san ta. Damina biyu muka yi a haka kafin Allah ya karɓi abinsa. Idan na duba rayuwata yau, da takardun shaida da ofisoshi da duk tarkacen, waɗannan Asabar ɗin kawai nake gani da ba na jin haushinsu.

Kai kuwa ba ka taɓa tuna mini ba. Idan aka tayar da zancen a majalisa ma ƙara masa gishiri kake yi, ka ce ai Auta har hawaye ya yi a Maiyama, ka ɗan kalle ni ta wutsiyar ido. Na zauna kusa da kai kwanaki a ciwonka na ƙarshe. Ban san sau nawa na buɗe baki don in gode maka ba, sai in tambaye ka ko za ka sha ruwa.

Na gode, Yaya. Na gode da karan nan, da sifanar nan, da ƙaryar da ka yi domin ka rufa mini asiri a gaban uwata. Ka yafe mini kalmar da na kira ka da ita. A cikinmu biyu na san wanda ta dace da shi.

Inna ta tafi tana ganin ni ne, wannan ba ni da yadda zan gyara shi. Mutanen Firchin kuwa yanzu sun ji, kuma zan je wurin liman da kaina in gaya masa sunan da zai riƙa ambata. Saura addu'ar da aka yi a kaina. Ban taɓa jin tawa ce ba, kuma Wanda aka roƙa ya san hannun da ya kwance notin nan. Ina roƙonsa ya mayar da ita ga mai ita. Allah ya buɗa maka wuri yadda ka buɗa mata. Allah ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi, ya haɗa ka da Inna da Baba a Aljanna. Ni ma, idan da sauran wuri, ya sa ni a bayanku. Amin.

Ƙanenka,
Auta