Mararrabar da Muka Rabu da Isiyaku

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga aminina Malam Isiyaku, malamin gona. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri a gare ka a duk inda kake, ina sanar da kai cewa mutanen gida suna nan. Mahaifiyarka Iya tana nan da ƙarfinta gwargwado, matarka Rabi da yara lafiya lau. Damina ta yi kyau bana, an samu dawa, gyaɗa ce dai ba ta yi auki ba. Na rubuto ne saboda an yanke hukunci a kanka cikin watan nan, kuma da bakina a ciki. Ba ni da inda zan aika maka, shi ya sa na sa wasiƙar a shafin nan da muka saba zuba hotunan yawonmu. Masu karantawa su yi mini uzuri, da kai nake magana.

Ka tuna lokacin da duk sa'o'inmu a Karaye suka koma babur, ya rage daga ni sai kai a kan keke? Ni dai albashin malamin firamare ne ya tsayar da ni. Kai kuwa da gangan ka ƙi. Kana cewa in kana kan babur manomi hannu kawai yake ɗaga maka, amma in kana kan keke sai ya tsayar da kai ya nuna maka ganyen da ya ƙanƙance. Tun ina raka ka wajen aiki ranar Asabar don hira, har abin ya zame mana ɗabi'a, ko da aiki ko babu.

Da an idar da asuba muke fita, ta gefen ɗan tudun da ya rage na tsohuwar ganuwa. Mu gangara wajen garin nan da ake kira Turawa, mu bi bakin dam masunta na janyo koma. Akwai wani wuri da kullum kake taka birki, ka nuna mini tsakiyar ruwa ka ce gidan kakanka yana ƙarƙashin can, da rijiyarsa da tsamiyarsa. Ba ka taɓa wuce wurin ba ka faɗa ba, ni kuma ban taɓa ce maka na riga na ji ba.

Daga nan sai mu sauka daga kwalta mu shiga burtali. Dawa ta rufe mu dama da hagu, ba ka jin komai sai ƙarar sarƙa da kukan kurciya. In yashi ya yi yawa mu sauka mu tura. In ƙaya ta huda taya mu zauna gindin ɗorawa ka yi faci, ni in riƙe famfo ina ba ka labarin 'yan ajinmu. Wata rana muka biya ta Daura, tamu ta nan Karaye, muka dawo kana gaya wa mutanen majalisa cewa mun je Daura a keke mun dawo kafin azahar. Wani baƙo daga birni ya yarda, har ya tashi ya ba ka hannu.

Ƙasar Rogo ka fi so. Fadamun rake, da hayaƙin masu dafa mazarƙwaila da ake hangowa tun daga nesa. A wani tsohon gari ka kai ni bayan masallaci ka nuna mini ramukan marina da ƙasa ta cike, awaki na kwance a kai. Wani dattijo da ke zaune a wurin ya lissafa mana sunayen marinan da suka yi aiki a kowane rami, duk sun rasu. Ka zauna a ƙasa kana saurarensa har rana ta take, ni yunwa na cina ina harararka. A Rogo Sabon Gari muka sha fura ranar, ka ce fushina ya fi furar tsami.

A shekarar ƙarshe labari ya fara canjawa. Ana cewa ana ganin baƙin mutane a kan babura suna ƙetarowa daga yamma. Wasu ƙauyukan bakin iyaka suka daina kwana a gida. Muka yi shawara muka rage nisa, muka ce la'asar ba za ta riƙa samunmu a daji ba.

Ranar da muka rabu, bayan kaka ne, an gama yankan dawa, gonaki sun yi fayau. Muna dawowa daga Rogo muka iso mararrabar nan mai kuka. Ka ce wani manomi a ƙauyen da ke bayan Falgore ya aiko maka cewa irin tumatirinsa na rani yana mutuwa, za ka leƙa ka dawo. Ni kuma ina da ɗaurin aure a unguwarmu. Ka sayi mazarƙwaila ka ɗaure wa Iya a kariyar bayan kekenka. Ka ce in biya in gaya wa Rabi ta ajiye maka tuwo, kana tafe kafin magariba. Ka kaɗa ƙararrawa ka bi hagu, na bi dama. Na isar da saƙonka.

Washegari wasu mata masu ɗiban kara suka tsinci kekenka kwance a gefen hanya. Ba abin da ya same shi. Mazarƙwailar tana nan a ɗaure, tururuwa ta lulluɓe ta. Manomin ya rantse ba ka iso wurinsa ba. A ƙasa akwai sawun babura, amma wace hanya ce yanzu babu sawun babura?

Ba inda ba mu je ba, Isiyaku. Wajen 'yan sanda, wajen 'yan sintiri, asibitoci, har ɗakin ajiye gawa a Kano na shiga ana buɗe mini fuskoki. Malamai suka yi saukar Alƙur'ani. Rabi ta daina barin wayarta ta mutu, in baƙuwar lamba ta shigo gidan gaba ɗaya sai a miƙe tsaye. Wasu gidajen da aka ɗauke musu mutum an kira su, sun ji muryar nasu yana kuka. Wallahi har sha'awarsu muka riƙa yi. Mu ba wanda ya taɓa kira.

Cikin da ka bar Rabi da shi ta sauka, namiji. Ƙaninka ya yi masa huɗuba da Muhammadu. Matan unguwa suka fara ce masa Audi, kamar yadda ake kiran wanda aka haifa bayan uba ya rasu. Iya ta fito tsakar gida ta ce duk wadda ta ƙara faɗa kada ta sake tako mata gida. Yanzu ya shiga makarantar allo. Ya san ka a hoto.

Ni ban ƙara bin hanyoyin nan ba. Kekena ya tsaya a zaure har tayoyinsa suka sace. Gonakin da ka sha wahala a kansu can wajen iyaka, da yawa ciyawa ce a ciki, masu su sun dawo gari suna dako. Har yau samari daga birni suna ganin tsofaffin hotunanmu a nan, suna tambayata ta ina ake bi, suna so su zo da kekunansu. Ban taɓa kwatanta wa kowa ba.

To ga abin da ya sa na rubuto. Tun da daɗewa yayyen Rabi suka kai maganarka gaban alƙali, aka ɗibar mata shekarun jira da shari'a ta tanada, suka cika. Ta zo gidana da yayanta, ta zauna daga bakin ƙofa. Ta ce ba aure take nema ba, kada in zarge ta. So take kawai ta san ko ita wace ce, don ta gaji da rasa amsa in an tambaye ta mijinta. Ta roƙe ni in je in ba da shaida, tunda ni ne na ƙarshe da ya gan ka.

Na je. Alƙali ya tambaye ni a wane hali na bar ka. Na ce da ranka da lafiyarka, kana dariya. Ya tambaya ko tun daga ranar na ji wani labari naka, ko da na ƙanzon kurege ne. Na ce a'a. Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma gaskiya ce, amma da ita aka rubuta ka cikin matattu. Rabi ta shiga takaba. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanku, ba gawa, ba makara, mutane na zuwa suna cewa ya haƙuri.

Iya ta ƙi fitowa. Na shiga gaishe ta, ta juya fuska bango. Bayan 'yan kwanaki sai ta aiko a kira ni. Ta ce in kai ta inda muka rabu. Ƙannenka suka ce za su samo mota, ta ce a'a, yadda ka je haka za ta je. Na koma gida na ba tayoyina iska, na naɗa zane a kan kariya, na ɗauke ta da sassafe.

Ba ta da nauyi ko kaɗan, Isiyaku. Sai da na riƙa waiwayawa in tabbatar tana nan. Muna tafe a hankali tana tambayata, nan ma yana bi? Nan yana tsayawa? In ce e, Iya. A wata rijiya ta sa na tsaya, ta ce tunda ka taɓa sha ita ma za ta sha.

Da muka isa gindin kukar ta sauka, na nuna mata hanyar hagu. Ta taka kaɗan ta tsaya. Ka san kai ne ɗanta na fari, tun da aka haife ka ba ta taɓa kama sunanka ba, sai dai ta ce yaron nan, ko da furfura ta fara fito maka. Ranar ina tsaye riƙe da keke na ji ta ɗaga murya ta ce, "Isiyaku." Ta saurara. Ta sake kira, da ƙarfin da ban san tana da shi ba, har wasu masu kiwo can nesa suka juyo.

Sannan ta gyara mayafinta ta dawo wurina. Ta ce, "Habibu, na kira shi da sunansa bai amsa ba. Mai da ni gida, ka ce wa mutane su shigo, zan karɓi gaisuwa."

Ta karɓa. Ni ne na fara durƙusawa na yi mata.

Ya Allah, Kai ka san inda bawanka Isiyaku yake, mu ba mu sani ba. In yana raye, Ka sassauta masa, Ka tausasa zuciyar duk wanda yake hannunsa, Ka nuna masa hanyar gida, kunyar abin da muka yi mu za mu ɗauka da farin ciki. In kuwa ya riga mu, Ka gafarta masa, Ka yalwata masa inda yake kwance ko da ba wanda ya yi masa sutura, Ka karɓe shi cikin shahidai. Ka ba Iya da Rabi dangana, Ka raya abin da ya bari, Ka dawo mana da aminci a ƙauyukanmu. Amin.

Ka huta lafiya, abokina.

Naka,
Habibu
Karaye