Aguwar da Na Tumɓuke a Gonarki

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiya, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na zauna in ba ki labarin gida. Na san takarda ba ta isa inda kike. Amma rubutu ne sana'ata, kuma yau da na rasa wanda zan gaya wa ina jin tsoro, ke kika faɗo mini a rai.

Maganar Yaya ce, ɗanki na fari, wanda kunya ba ta bari kin kira sunansa a gaban mutane ba. Kin bar shi yana koyarwa a Jega. Yanzu shi ke wakiltar ƙauyukanmu a majalisar jiha. Inda mota ba ta shiga yakan hau babur, ya zauna a tabarma ya rubuta kukan mutane, ranar zama ya miƙe ya karanta a zaure.

Bana ya kai ƙudiri kan burtali. Rugagen da ke bayan Mungadi ba su da hanyar kai shanu mashaya da rani, domin fangalan albasa sun rufe ta. Ko dai su bi bakin kwalta mota ta kaɗe dabba, ko su keta gona a zub da jini. Majalisa ta kafa kwamiti, ta ba shi shugabanci, ta ce a nemo tsohuwar hanya a buɗe.

Kin tuna gefen gonarki na gabas, wanda ba ki taɓa bari a sa masa fartanya ba? Shingen aguwa ne jere a bakinsa. Duk wanda ya tambaya, amsarki ɗaya ce: "Wanga wuri ba namu ba na, hanyar masu ƙishirwa ta."

A nan kike tsayawa da hantsi idan garken Ardo zai wuce, ki tsokani Hajjo matarsa: "Shanunki sun fi ki hankali, su dai ba su ɓata hanya." Ita kuma ta sauke ƙwaryar nono ta ce, "Ai ba su cin albasa balle ta hau musu kai."

Inna, ni na tumɓuke aguwar nan. Ranin da ya biyo bayan rasuwarki na zo daga birni, na tarar albasa ta yi daraja, na dubi wurin na ce ƙasa ce ke zaman banza. Na ɗauka tsohuwar al'ada ce kawai kike riƙe da ita. Na sa aka ja fangali har bakin iyaka. Ashe maƙwabta wanda zai fara kawai suke jira. Sai aka riƙa cewa gidan Inna ma sun shiga. Kafin rani biyu hanyar ta ɓace.

Ranar da kwamiti ya taka wurin da ƙafa ina tare da su, da littafina na ɗan jarida. Ardo ya tsufa ƙwarai, shi ke gaba yana dogara sanda. Da muka iso gonarki ya tsaya, ya tona tsakiyar fangali da sandar har kututturen aguwa ya bayyana. Bai dube ni ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Nan taka tsayawa ta gaishe mu."

Yaya ya sa gonarmu a farkon jerin waɗanda suka ci burtali, ya karanta a zauren majalisa da bakinsa. Ina zaune wurin 'yan jarida na rubuta kamar yadda ya faɗa. Ban taɓa rubuta labarin da ya yi mini nauyi haka ba.

Tun ranar abubuwa suka canza. Akwai saƙon murya da ke yawo a wayoyin mutane daga Aliero har Liba, wani da ba a san ko wane ne ba yana cewa Yaya ya sayar da manoma, wai hanyar ɓarayin daji yake son buɗewa. Inna, na daɗe a aikin nan. Na san abin da wannan kalma ke jawo wa mutum a shekarun nan, kuma na san ba a tsayawa bincike kafin a aikata. Na bi sawun saƙon iyakar iyawata, ban gano bakin da ya fito ba.

A kasuwar albasa waɗanda suka yi masa yaƙin zaɓe sun daina ba shi hannu. Kawu Bala, ƙanenki, ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce, "Mun zaɓe ka ka kawo muna taki, sai ka kawo muna shanu." Yaya ya yi murmushi ya ce, "Kawu, ai su ma taki suka kawowa." Babu wanda ya yi dariya. Shekaranjiya kuma aka wayi gari an sare tayoyin motarsa duka.

Gobe Asabar zai je ya dasa aguwar farko, a gonarki, a gaban manoma da makiyaya. Na roƙe shi ya tafi da jami'an tsaro, ya ƙi. Ya ce idan da bindiga aka kafa iyakar, ranar da masu bindigar suka tafi za a cire ta. Na roƙe shi ya bari sai an kwashe albasa, ya ce shanu ba za su jira girbi kafin su sha ruwa ba. Taurin kan nan naki ne, Inna, kin san shi.

Ba na zargin manoman. Mutum ya yi wata uku yana ban ruwa, a ce ya bar fangali, dole ransa ya ɓaci. Abin da nake tsoro shi ne taro. A cikin taro mutum ɗaya ya isa ya ɗaga dutse, sauran su bi, kamar yadda suka bi ni ranar da na fara.

Ɗazu na je bayan gari na saro rassan aguwa, suna nan a bayan motata, farin ruwansu ya bushe a hannuna. Na gaya wa Yaya ni zan haƙa ramin farko, kuma kafin in haƙa zan faɗa wa jama'a wanda ya tumɓuke ta. Idan akwai fushin da za a sauke, a gaban Yaya zan tsaya. Zan je.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Wata rana bayan la'asar na shigo ɗakinki ba ki ji ni ba, na same ki a kan buzu kina addu'a, na ji kin ambaci sunan Yaya a hankali, sau uku. Gobe kafin mu fita zan faɗe shi kamar yadda kika faɗa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya yafe mini ɓarnar da na yi a bayanki. Allah Ya sanyaya zukatan da za su taru gobe, Ya mayar da ɗanki gida da ƙafafunsa.

Ni ne autanki,
Sanusi