Iyakar Gonar Habu

Daren Laraba, sati biyu da janyewar ruwa. Rabona da ganin ambaliya irin ta bana tun wadda ta ci rumbunanmu ina saurayi.

Barci ya ƙi zuwa. Yau a majalisa Sabo, ɗan aminina marigayi Habu, da ya dawo daga jami'a, ya ce wai duniya ba wanda ya yi ta, daga babu ta fashe ta samu. Na ce, "Kai Sabo, kwalekwalen ubanka ma sai da aka sassaƙa shi." Ya yi dariya ya ce, "Baba, ba ku yi boko ba, ba za ku gane ba." A gaban jama'a! Ni da na yi masa kiran salla a kunne ranar da aka haife shi.

To, ruwa ya shafe iyakar gonarsu ta fadama, maƙwabci ya shigo masa. Cikin waɗanda suka tsaya ranar rabon gonakin ni kaɗai na rage. Da magariba Sabo ya aiko, wai in zo in ba da shaida gaban mai unguwa.

Zuciya ta ce in ce na manta. Amma Wanda Sabo yake musun samuwarSa zai tambaye ni, kuma Habu bai yi mini laifi ba.

Gobe da sassafe zan je. Zan zauna a tudu, in bar Sabo cikin taɓo, in ce mu jira iyaka ta fito daga babu. Sai ya faɗa da bakinsa cewa wani ne ya kafa ta, sannan in nuna inda muka binne tulu ranar rabo don ya zama alamar iyaka.