Layin Allin da Ya Tsaya a Ƙofar Ɗakin Gam

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, da kuma wani tsoro da ba za mu iya ɓoyewa ba, Ƙungiyar Ma'aikatan Masana'antar Katifa take sanar da mambobinta da sauran jama'a cewa ta samu labarin rasuwar Hajiya Dakta, ƙwararriyar mai ba da shawara kan lafiyar wuraren aiki, wadda mu a nan muka fi sani da Mai Alli. Allah Ya karɓi ranta bayan gajeriyar rashin lafiya, ana dab da sa hannu kan sharuɗɗan binciken da aka ɗauko ta ta gudanar a masana'antarmu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Hukumar gudanarwa ce ta gayyato marigayiyar domin ta gano abin da ya sa aiki ya ja baya a sashen ɗinki. Mun zaci za ta iso da na'urori ta hau aune-aune, sai ta ce ko tsinke ba za ta auna ba sai an tsayar da abin da ake so a bincika, inda aikin zai fara da inda zai tsaya, waɗanda za a saurara, da wanda za a miƙa wa rahoto. Ba ta kuma yarda a yanke wannan a cikin ofis ba. Ta ciro alli daga jakarta, ta sa Babban Manaja a damanta, Shugaban ƙungiyarmu a hagunta, tana tafe tana duƙawa tana jan layi a ƙasa, a kan cewa duk inda layin ya kewaye ya shiga bincike. Dattijuwa ce mai fama da ciwon gwiwa, amma ba ta bar wa kowa allin ba. Da masu yankan soso suka tsokane ta cewa ta mai da mu 'yan firamare, ta ce ai 'yan firamare sun fi mu, su in abu ya dame su sukan ɗaga hannu.

Layin ya ratsa sashen ɗinki, ya zagaya injin yanka da rumbun ajiya, har ya kai ƙofar ɗakin gam, wato ƙuntataccen ɗakin nan na can baya mai taga ɗaya da matacciyar fanka, inda ake manna soso. A nan Babban Manaja ya ce wannan ɗaki ba ya cikin abin da aka kira ta dominsa. Marigayiyar ta leƙa, ta shaƙi iskar, ta toshe hanci da gefen mayafinta, ta tambayi tun yaushe mutane suke wuni a ciki.

Tun ranar da ta zo ta gargaɗe mu da kada kowa ya faɗa mata damuwarsa sai an sa hannu kan sharaɗin da ta tsaya kai da fata a kansa, cewa ba za a kori duk wanda ya yi magana ko a muzguna masa ba. Amma shekara da shekaru ba wanda ya taɓa tambayarmu, sai haƙuri ya ƙwace mana a nan bakin ƙofar ɗakin gam. Wani ya miƙa hannunsa ta ga yadda yake karkarwa, wani ya ce kullum da jini a matashin kansa yake tashi, wata mai ɗinki ta ce mijinta da ke aiki a ɗakin ya fara manta sunayen 'ya'yansu. Marigayiyar tana ta cewa, "Ku dakata, 'ya'yana, ban gama kare ku ba tukuna," mu kuwa muna ta zuba, a gaban Babban Manaja da Jami'in Kula da Ma'aikata, wanda ya bi fuskokinmu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Aka ɗage zaman, ta ce daga bakin ƙofar nan za ta ci gaba in ta dawo.

A yau babu sa hannu, babu ita. An sanar da mu cewa za a kawo wani masani da sababbin sharuɗɗa. Ba mu zargin kowa da komai, amma muna jin tsoro. Muna tsoron a ja sabon layi ya tsaya nesa da ɗakin gam, muna kuma tsoron abin da zai sami waɗanda suka buɗe baki. An riga an ce wa mai ɗinkin nan ta zauna a gida sai an neme ta. Masinjan ofis in ya shigo da takarda a hannu, kowa bin sa da ido yake yi har sai ya wuce. Don haka muna roƙon Mai Girma Shugaban Hukumar Daraktoci da ya girmama marigayiyar ta hanyar amincewa da sharuɗɗanta yadda ta bar su.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mai gidanta, Alhaji, da 'ya'yanta da jikokinta da abokan aikinta. Allah Ya jiƙanta da rahama, Ya haskaka kabarinta, Ya ba iyalanta haƙurin jure wannan babban rashi. Babbar 'yarta ta shaida mana cewa a gadon asibiti mahaifiyarta ta tambaya ko an goge layin. Muna sanar da iyalan cewa ba a goge ba. Masu shara kewaye shi suke yi, masu tura kaya kuma ɗaga amalanke suke yi su tsallake shi. Sai dai an manna sanarwa a allon ƙofar shiga cewa a ƙarshen wata za a wanke daɓen masana'anta a yi masa sabon fenti.

'Yan kwamitin ƙungiya sun ba da shawarar a fitar da wannan saƙo ba tare da sa hannun kowa ba. Na ce babu amfani, domin ni ne wanda ya fara miƙa mata hannu ta duba a bakin ƙofar, kuma an ga fuskata. Jama'a su yi haƙuri da yadda sa hannun ya karkace.

Sa hannu:
Dogo na Ɗakin Gam,
Kakakin Ƙungiyar Ma'aikatan Masana'antar Katifa,
a madadin Shugaba da ɗaukacin mambobi.