Sun Sayi Muryarka Tare da Janareta

Malam,

Assalamu alaikum, tare da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san ba za ka karanta wannan ba. Da kana raye ma ba karanta saƙona kake yi ba, sai ka ce in faɗa maka da baki. To yau babu wanda zan faɗa wa, shi ya sa na ɗauki biro.

Gida lafiya. Sadik ya tafi bautar ƙasa, ni kuma ina ma'aikata ina jiran ritaya. Zancen gidan rediyonku ne ya sa ni rubutu. An sake sayar da shi, Malam.

Kai ka ga farkonsa, lokacin da mulki ya dawo hannun farar hula, tsohon babban sakataren nan ya buɗe shi a bayan kasuwar kifi ta Kado. Kullum ka dawo rigarka tana ƙarni, ni ce da wanki. A can ka fara shirin cigiya na safe: mai ɓatan akuya, wanda ya manta jaka a tasi, wanda yaronsa ya fita bai dawo ba. Bai ishe ka ba sai da ka yi wa duk Abuja kwatancen gidanmu, wai ko an tashi aiki a same ka. Ka shawarce ni kafin ka yi haka?

Da Alhajin da ya buɗe shi ya rasu 'ya'yansa suka sayar wa ɗan kwangilar da ke neman sanata. Shi ne ya hana ɗaukar waya sai ta mai yabonsa. Ya faɗi zaɓe, ya sallama wa mutanen Legas, su kuma suka kwashe ku zuwa benen gilashi suka rage Hausa ta koma awa ɗaya. Duk wanda ya zo sai ya sauya suna da fenti, kai kuwa ka dawo kana ce mini wannan karon mutanen kirki ne. Duk wanda ya saya, a wurinka mutumin kirki ne. A hannun na Legas ɗin ka tafi, ko gaisuwa ba su aiko ba.

Na yanzu samari ne masu sayar da filaye. Sun sallami ma'aikata, suka buɗe sito suka tarar da kaset-kaset ɗin shirinka. Mai magana wanda ba ya neman albashi, ba ya zuwa hutu, me ya fi wannan? Sai kawai suka fara saka ka kowace safiya, ba tare da sun ce tsohon shiri ba ne.

Ranar farko ina dama koko na ji ka yi sallama. Zama na yi a ƙasan kicin. Bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa ba: kana da murya, Malam. Da kana nan ban cika kunna ka ba, surutunka na gida ya ishe ni. Amma tun ranar ban sake barin gida ba sai ka gama, na yi ta makara a ofis, ban damu ba.

Sai mutanenka suka fara zuwa. Wata tsohuwa mai ginin tukwane ta taso tun daga Ushafa da akuya a bayan akori-kura, wai ta ji Malam yana cigiyar mai farin kunne, ga ta nan ta tsinta. Akuyar da ka yi cigiya tun Sadik yana firamare! Oga Sande, makanikenka na Apo, ya bugo yana faɗa, wai shi da ya rufe gareji ya zo jana'iza, ashe oga yana nan da rai aka ɓoye masa. Na gaji da rantsuwa cewa ka mutu. Ka san nauyin wannan kalma a bakina? Amma ban je na hana su saka ka ba, don ina son safiyata.

Makon jiya suka saka cigiyar yaron Maman Ladi, mai kifi a Kado. Ka tuna shi, wanda aka tsinci gawarsa a rafi bayan ruwan sama. Tana cikin rumfarta ta ji ka faɗi sunansa, da jar rigarsa, da tabon goshinsa, kana roƙon duk wanda ya gan shi ya taimaka wa uwarsa. Ta zo gidan nan da wuƙar fawar kifi a hannu, ta ma manta ba ta ajiye ba. Ba ta yi faɗa ba. Tambaya kawai ta yi, ko an sami wani labari ne.

Washegari na je benen. Manajan, yaro ne da bai wuce sa'an Sadik ba, bai ma san ka rasu ba. Ya zaci ritaya ka yi ka koma Kaduna, har yana tambaya ko za ka iya zuwa ka ɗaukar musu tallar fili. Na ce su daina saka ka. Na shirya wa musu, Malam, wallahi so nake ya ƙi. Nan take ya amince, ko ɗagowa daga wayarsa bai yi ba. Da na nemi kaset ɗin in tafi da su gida, sai ya ce kayan kamfani ne, tare suka saye su da kujeru da janareta.

Ka ga abin da ka jawo mini? Shekara da shekaru kana magana a gidan mutane, ba ka taɓa ɗaukar ko sallama ɗaya ka ajiye mini ba. Masu gidan rediyo huɗu aka yi babu wanda ya iya rufe maka baki, sai ni da ƙafata na je na yi. Ina jin haushinsu, ina jin haushinka, kuma na san da za a sake, haka zan sake yi.

Yau da safe tallar filaye suka saka a lokacinka. Na bar rediyon a kunne har aka gama, ko wani zai yi kuskure ya saka ka. Babu wanda ya yi.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta. Sai na zo.

Matarka,
Binta