Sule, Ɗanka Ya Ce a Hana Addini

Zuwa ga aminina Sule,

Assalamu alaika. Bayan gaisuwa mai yawa, na so in ce ina fatan kana lafiya kamar yadda aka saba, sai na ga maganar ba ta da wurin zama. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana raye ma ba ka son karatun takarda, sai ka miƙo mini ka ce in karanta maka, ai ni gwamnati ta biya in koyar da yara. To yau ni na rubuta, ni kuma zan karanta, don abin da ke cikina ya yi mini yawa, ba ni da wanda zan juye wa.

Damina ta yi kyau. Geronka na gonar bakin rafi ya nuna, an fara yanka. Injin niƙan gidan dagaci ya lalace tun bayanka, sun kawo wani mai gyara daga Mashi, ya kwance ya ɗaura, har yanzu injin yana tari. Matarka Hajara tana nan, takabarta ta kusa ƙarewa. Ta rame, amma tana ci. Labarin da ya sa na zauna rubutu kuwa na Kabiru ne, autanka. Ba ya garin nan, ni na fitar da shi da kaina. Ba za ka gane dalili ba sai na fara faɗa maka abin da ya faru ranar da muka rabu da kai.

Da hantsi aka gama yi maka wanka da sutura, aka fito da kai ƙofar gida a makara. Ƙaninka Isa ya aika a kira Liman Audu na tsohon masallaci. Nasiru, babban ɗanka, ya ce ba a isa ba, shi ba ya bin Liman Audu salla, kuma Malam Mustafa na sabon masallacin bakin titi ne zai sallaci ubansa. Isa ya ce tun ba a haifi Nasiru ba Liman Audu ke sallatar gawar gidanku. Nan mutane suka rabu biyu, kowa yana jawo hujja. Kai da ka yi rayuwarka kana shiga duk masallacin da kiran salla ya same ka kusa da shi, hannunka da baƙin mai, ba ka taɓa tambayar waye a gaba ba, sai ga shi ana ja-in-ja a kan na wane ɓangare ne kai.

Rana ta ɗaga, Sule. Ka san zafin farkon damina kafin ruwa ya zauna. Inuwar darbejiyar ƙofar gidanka ta janye ta bar ka a fili, ba wanda ya lura sai Kabiru. Ya tuɓe rigarsa ya tsaya a saitin kanka, ya buɗe ta da hannu biyu yana yi maka inuwa. Hannayensa suka gaji, ya ƙi saukewa. Har aka kusa azahar ana musu. Da dagaci ya iso ya ga ba mai sassautawa, sai ya kamo hannuna ya turo ni gaba, ya ce tunda ni ba na kowa ba ne, in yi. Ni na sallace ka. Ban san yadda na kai ƙarshen kabbarorin ba. Wasu sun bi ni, wasu sun koma gefe sun harɗe hannu.

Abin bai tsaya nan ba. Ranar uku Hajara ta sa an daka gumba za a yi maka sadaka, Nasiru ya ce bidi'a ce, ba a gidan ubansa ba. Isa ya kwashe kayan ya kai gidansa aka yi a can. Tun daga ranar baffa da ɗa ba sa gaisawa. Kabiru yana ganin duk wannan. Ya koma makarantarsa ta kiwon lafiya a Daura, yana zuwa gida ƙarshen mako, sai na lura ya daina shiga kowane masallaci. Na yi masa magana sau ɗaya, ya sunkuyar da kai ya ce to, Baba. Ban matsa ba, na ɗauka zafin rashi ne, zai wuce.

Wata safiya a teburin mai shayi samari suna gardamar da suka saba, wannan ya ce malaminsu, wancan ya ce nasu. Kabiru ya ajiye kofinsa ya yi magana. Ya ce shi a ganinsa gwamnati ta hana addini gaba ɗaya, a rufe masallatan nan, kowa ya je ya yi abinsa a ɗaka, tunda abin ya kai a bar gawar mutum a rana ana faɗa a kanta. Ya ce asibiti ba ya tambayar mara lafiya wane malami yake bi kafin a sa masa ruwa. Wani yaro ya ɗauki maganar a waya. Ya yanke farkonta, ya yanke ƙarshenta, maganar gawarka ba ta fito ba sam. Abin da ya rage kawai ɗan Sule mai inji yana cewa a hana addini a rufe masallatai. Kafin la'asar har wani tsohon ɗalibina da ke Daura ya kira ni yana tambaya ko gaskiya ne.

Ranar Juma'a bayan an sauko, matasa suka nufo gidanka. Na gan su da idona, Sule, yaran da na koya wa baƙi da wasali, wasu da sanduna. Daga masallatan biyu suka fito, abin da ya gagara haɗa su a jana'izarka ya haɗa su ranar. Hajara tana ciki cikin takaba, ba ta iya fitowa, sai salatinta nake ji ta kan katanga. Kabiru yana ɗakinka.

Ka san wanda ya tsaya a bakin zaure? Malam Mustafa. Shi ɗin dai da aka bar ka a rana saboda shi. Ya baje hannuwansa a ƙofa, ya ce musu ba wanda Allah ya ba ikon yanke wa wani hukunci a titi, yaro maraya ne da baƙin ciki ya yi wa yawa, kuma duk wanda zai shiga sai ya fara bi ta kansa. Nasiru ya zo ya tsaya kusa da shi, fuskarsa jiƙe da hawaye. Can sai ga Liman Audu yana dogara sanda, ya zauna a kan dakalinka, ya riƙa kiran yaran ɗaya-ɗaya da sunan iyayensu har kunya ta kama su. A hankali suka watse. Kada ka ɗauka limaman sun shirya daga nan. Kowa ya kama hanyarsa, har yau ba su haɗa sahu ba.

Dagaci ya ce a nisanta yaron kafin ƙura ta lafa. Washegari na goya shi a babur muka bi ta cikin gonaki zuwa Mai'adua, daga can na haɗa shi da mai kai shi Matamaye ta ƙasar Nijar, wurin ƙanwarka Ladi. A hanya ya tambaye ni abin da har yau ya hana ni sakat. Ya ce in faɗa masa tsakanina da Allah, da babu waɗannan masallatai biyu, da ubansa ya kai azahar a ƙofar gida? Na ce masa ya riƙe ni da kyau, hanyar akwai yashi. Amsar da na ba shi ke nan, ni da na ƙare ƙuruciyata ina amsa tambayoyin yara.

Me zan ce masa? In ce ƙarya yake, alhali ina wurin? In ce gaskiya ya faɗa, alhali da ba don Malam Mustafa yana tsoron Allah ba, da yanzu kabarin yaron yana kusa da naka? Abin da ya sa aka wulaƙanta gawarka da abin da ya tsare ran ɗanka, daga koyarwar mutum ɗaya suka fito, kuma shi a wurinsa duk addini yake yi. Ina juya wannan ina cin abinci, ina juya shi a gona, har a cikin salla yake zuwar mini, sai in rasa raka'a nawa na yi.

Ka tuna yadda muke kwashewa da kai a rumfarka? Kai ka ce da kai ne gwamna, da ka ƙwace lasifikar kowane masallaci, kuma ba mai hawa mumbari sai an gwada shi kamar yadda ake gwada direba kafin a ba shi mota. Ni in ce ka ji tsoron Allah, bakinka zai ja maka. To ga abin da ban taɓa faɗa maka ba: sau da yawa in na tashi daga wurinka, a hanyar gida sai in ga kamar kai ke da gaskiya. Na fi son in bar ka kana faɗa ni ina musawa, don in muka yarda da juna me za mu yi da sauran yammacin? Ban kuma taɓa gaya maka cewa duk garin nan kai kaɗai nake iya yin irin wannan magana da kai ba tare da na waiwaya ba.

Burinka ma ya cika, ka sani. Bayan abin da ya faru dagaci ya hana wa'azi da lasifika, sai kiran salla kawai. Garin ya yi tsit, har kukan kurciya ake ji da yamma. Amma faɗan bai mutu ba, ya koma cikin waya. Yanzu kowane yaro da malaminsa a aljihu, wani yana Kano, wani ma ba a san ƙasar da yake ba, yana gaya masa wanda zai gaisar da wanda zai ƙaurace wa. Wannan wane dagaci ne zai ƙwace? Shi ya sa nake ganin ko an bi ta Kabiru an garƙame masallatan, abin da ke zukatan mutane zai nemi wata ƙofa. Mun ga 'yan'uwa sun raba gari a kan siyasa, mun ga an zubar da jini a kan iyakar gona, ba liman ko ɗaya a ciki.

Sannan in aka hana, me za a ba Hajara ta riƙe? Kullum na je gaishe ta carbi ne a hannunta. Miji ya tafi, ɗa ɗaya yana wata ƙasa, ɗayan ba ya magana da baffansa, amma ta ce mini Allah yana sane da ita. Wace doka ce za ta zauna da ita a ɗakin nan? Wa zai wanke ni ranar tawa, da wane lafazi za a sa ni a rami? Amma kuma ina gama wannan tunanin sai in ga Kabiru tsaye da rigarsa a buɗe a kanka, in ji duk hujjojina sun yi sanyi. Yaron nan bai zagi Allah ba, Sule. Mu ne muka nuna masa abin da ya gani, muka ce masa sunansa addini, da ya ce ba ya so kuma muka ɗauko sanda.

Ladi ta kira ta ce Kabiru yana taimaka wa wani mai shagon magani, ba ya fita ko'ina. Na tambaye ta ko yana salla, ta ce ba ta leƙa ɗakinsa, kuma ba za ta leƙa ba. Karatunsa na Daura ya tsaya, shekarar ƙarshe ce.

Jiya Hajara ta aiko a kira ni. Ta ce ranar da za ta fita takaba tana son 'ya'yanta biyu su ci tuwo a kwano ɗaya a gabanta, kuma ni ka bar wa amanarsu, don haka ni zan je in taho da Kabiru. Na je na sami dagaci, ya ce shi ba zai hana ba, ba kuma zai yi alkawarin komai ba. Malam Mustafa ya ce a kawo shi ya tsaya a masallaci ya janye maganarsa. Na san ɗanka, taurin kanka ya ɗauko, ba zai faɗi abin da bai kai zuciyarsa ba. Da yamma Nasiru ya turo babur ɗinsa har ƙofar gidana, ya ce nawa ya tsufa, ba zai kai Matamaye ya dawo da mutum biyu ba. Ya jingine shi ya juya.

Ga babur ɗin nan a zaure ina kallonsa. In na taho da yaron wani abu ya same shi, da wane ido zan dube ka? In na bar shi can, uwarsa ta ƙare a ɗaka da jiransa, karatunsa ya lalace, wannan ma wace irin amana ce? Da kana nan da ka yi tsaki ka ce in daina lissafin malaman makaranta in tada babur. Ranar Lahadi zan tafi. Ban san abin da zan ce masa ba in ya sake yi mini tambayar nan, amma wannan karon ba zan fake da yashi ba, ko da amsar ita ce ban sani ba.

Zan tsaya nan. Na nemi wata kalma da zan yi maka sallama da ita wadda ba ta cikin abin da ake faɗa a kai, na duba ko'ina ban samu ba. Allah ya jiƙan ka, Sule. Allah ya kai haske kabarinka, ya sa ka huta, ya tsare mana yaron nan a hanya.

Naka har mu tarar da kai,
Haruna, malamin makaranta